Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Mu Ma Mu Sa Kuɗinmu a Gyaran Rafukanmu

 

Maganar da na zo da ita yau na san wasu ba za su ji daɗinta ba, don akwai taɓa aljihu a cikinta. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da masu kiwo na kowane yanki za su buɗe asusun gyaran rafin da ruwan gonakinsu ke gangarawa, su riƙa zuba ɗan wani abu a kan kowane buhun abinci, sannan su riƙe wannan asusun a hannu su je su nemi kasonsu a manyan kuɗaɗen da gwamnati ke karɓowa da sunan gyaran ƙasa da ruwa. Don Allah ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

INA RUWANMU YAKE ZUWA?

Duk ƙasar da in an yi ruwan sama ruwanta ke taruwa ya gangara rafi ɗaya, ita zan riƙa kira magangarar ruwa a wannan rubutun. Kowace gona tana cikin wata magangara, ko mai ita ya sani ko bai sani ba. Ruwan da ka buɗe daga kwaminka ya bi lambatu, ba ɓacewa yake ba. Akwai wanda yake ƙasa da kai da zai karɓe shi, kamar yadda kai ma kake karɓar na wanda ke sama da kai.

Mu ɗauki Kano, tunda mafi yawanmu mun san ta. Kogin Kano da aka tare a Tiga a 1974, da Kogin Challawa da aka tare a Ƙaraye a 1992, suna haɗuwa ne wajajen Tamburawa. Daga nan ruwan ya bi ta Wudil, ya shiga Jigawa ta Ringim har Haɗeja, ya bazu a dausayin Haɗeja da Nguru, ya wuce Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka tsakaninmu da 'yan uwanmu na Difa a Nijar, sannan ya faɗa Tafkin Chadi. Kun ga abin da aka zuba a lambatun Sharaɗa yana da doguwar tafiya a gabansa. Ruwan kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa, wanda ke ɗauke da sinadarin kuromiyam da ake jeme fata da shi, cikin Kogin Challawa yake ƙarewa.

Ta arewacin birni kuma ga Jakara. Tana ɗebo ƙazantar gidaje da ta kasuwanni da ta abbatuwa, rafin Getsi ya kawo mata na masana'antun Bompai, duk su taru a dam ɗin Wasai da ke Minjibir. A kan hanyar nan ana ban ruwan latas da kabeji da alayyafo, a dam ɗin kuma masunta na kamun kifi, kuma duk kasuwannin da muke kai namu kayan ake kawo su.

Wanda ke Kaduna ko Sakkwato ko Yola ya sa sunan koginsa a wurin waɗannan, labarin kusan ɗaya ne.

TO MU INA RUWANMU?

Yanzu wani zai ce, yo ai wannan laifin masu kamfani ne, mu me muka yi? Bari mu yi lissafi tare, na fili, wanda kowa zai iya bi da biro da takarda.

A ce ka zuba tarwaɗa 1,000, ka kai su kilo ɗai-ɗai. Ko hannunka na da kyau, za su ci abinci wajen kilo 1,000. In abincin na da furotin kashi 40 cikin 100, kilo 400 ke nan na furotin. Kashi 16 cikin 100 na furotin naitirojin ne, wato sinadarin nan da muke saye a takin yuriya. Ka ga ka zuba naitirojin kilo 64 a kwaminka. Wanda ya zauna a jikin kifin da ka sayar bai wuce kilo 27 ko makamancin haka ba. Sauran kilo 37 ɗin fa? Ya fita a matsayin amoniya da kashin kifi da ragowar abinci, ya bi ruwan da kake canzawa. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Ma'ana, duk zubi ɗaya na kifi 1,000, takin da ya fi buhun yuriya ɗaya da rabi ne muke turawa lambatu. A unguwar da ake da kwami 200 kuwa, sai ku lissafa da kanku.

Masu kaji ma ba a bar mu a baya ba. Kajin ƙwai 1,000 suna fitar da ɗanyen kashi da ya kai kilo 100 ko ya fi a kowace rana. Da rani 'yan lambu na rububinsa, ba ya kwana. Da damina kuwa sau da yawa a bayan keji ake jibge shi a fili, ruwa ya yi ta dukansa, baƙin ruwan ya gangara rafi. Haɗa da mushen kaji da ake jefawa a kududdufi, da ragowar ruwan magani da ake zubarwa, da jini da gashi na masu fige kaji a kasuwa.

Abin da wannan takin ke yi a gona, shi yake yi a ruwa. Gansakuka da kainuwa su samu abinci su rufe saman ruwa. Da rana suna ba da iskar oksijin, da dare su koma suna shanye ta, in sun mutu kuma ruɓewarsu ta ƙara cinye sauran. Shi ya sa da asuba ake ganin kifi ya taso sama yana haki. Tarwaɗa tana da juriya don tana iya shaƙar iska daga sama, amma karfasa da yawancin kifin kogi ba su da wannan gatan. Abin da muke gani a kwaminmu in mun yi kwana biyu ba mu canza ruwa ba, shi ne ke faruwa a dam in kowa ya tura masa nasa. Bambancin kawai, dam ba shi da mai canza masa ruwa.

"AI NI DA BURTSATSE NAKE AIKI"

Wannan ita ce amsar da na fi ji, kuma ina da abu uku a kanta.

Na ɗaya, ruwan ƙasa daga sama yake samun ƙari. Rijiyoyin hannu da gajerun rijiyoyin fadama da yawancin ƙananan masu kiwo ke amfani da su, dangantakarsu da rafin da ke kusa ta ƙut da ƙut ce. Kaza kuwa tana shan ruwa kusan ninki biyu na nauyin abincin da take ci, da zafi ma ya fi haka. In ruwan na ɗauke da ƙwayoyin cuta, kai ne za ka yi ta sayen maganin zawo kana zargin kamfanin da ya ƙyanƙyashe kajin. A cikin ruwan nan dai muke ba da rigakafin Lasota da Gumboro. Mai ƙyanƙyasar kifi kuma ya fi kowa sani, ƙwai da jariran kifi ba sa yafe gurɓataccen ruwa.

Na biyu, kasuwa. Ranar da aka wayi gari da labarin kifi ya mutu a wani dam, ko aka ce an samu guba a kifin wani kogi, uwargida da ta je cefane ba za ta tsaya tambayar wanne ne na kwami wanne ne na kogi ba. Kifin za ta bari gaba ɗaya ta sayi wake. Mai gasa kifi da mai banda su rage saye, dillali ya karya farashi, kai kuma ga kifi ya isa fitarwa yana ci gaba da cin abinci. Ma'aikatar noma ta tarayya ta sha faɗin cewa Najeriya na buƙatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa a lokacin kuwa bai wuce tan miliyan 1.2 ba. Wannan giɓin shi ne damarmu, kuma da amanar mai saye kaɗai za mu cike shi.

Na uku, maƙwabta. Gonakinmu da yawa gari ya cim musu. Ranar da mutanen unguwa suka gaji da wari da sauro suka kai ƙara, hukuma ba gyara za ta zo yi ba, rufewa za ta zo yi. Gara mu gyara da hannunmu tun muna da ta cewa.

Ga kuma abin da ya fi duk waɗannan. Manzon Allah (SAW) ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu. In an hana mutum ɗaya wannan, ina ga mai tura ruwan kwami goma cikin kududdufin da yara ke wanka, dabbobi ke sha?

KUƊIN FA AKWAI SU

Kada wani ya ce mana babu kuɗi. Tun 1981 aka kafa asusun kula da muhalli na ƙasa, wanda ake cira daga asusun tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi kowa na samun kasonsa. A 2006 an yi taro a Damaturu inda jihohi 6 da ke kan wannan ruwan, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, suka amince da kafa asusun amana na kogunan Haɗeja, Jama'are, Komadugu da Yobe tare da gwamnatin tarayya. A Disambar 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda aka tsara shi kacokan a kan magangarun ruwa, har da tsarin rance mai juyawa ga ƙungiyoyin manoma. A tuna fa, wannan kuɗin bashi ne. Mu da 'ya'yanmu za mu biya. Saboda haka neman kaso a ciki ba roƙo ba ne.

Matsalar da nake gani ita ce, irin waɗannan kuɗaɗen sun fi son babban aiki: yasar kogi, katafaren lambatu, injinan yanke ciyawa. Ban ce ba su da amfani ba. Duk wanda ya ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a Haɗeja da Nguru, ta hana masunta jefa koma, ta karkatar da ruwa cikin gonaki, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye shinkafa, ya san dole a yi wannan aikin. Amma in ka yashe ƙasa alhali laka da taki na ci gaba da zubowa daga sama, bayan 'yan shekaru sai ka sake ba da wata kwangilar. Mai shara ne yake share tsakar gida, ana kakkaɓe masa ƙura daga kan soro.

Ƙazantar ba daga bututu ɗaya take fitowa ba. Daga ɗaruruwan ƙananan lambatu take, kuma babu ɗan kwangilar da zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Mutanen wurin ne kaɗai za su iya. Shi ya sa nake cewa a ware wani kaso tsayayye na waɗannan kuɗaɗen don ƙananan ayyuka a kan ƙananan rafuka, a hannun ƙungiyoyin da ke zaune a wurin.

An gwada irin wannan a nahiyarmu. Kusan duk ruwan da birnin Nairobi na Kenya ke sha daga saman Kogin Tana yake zuwa. A 2015 aka kafa asusun da masu cin moriyar ruwan a ƙasa, irin su hukumar ruwa da kamfanin lantarki da masu sarrafa abin sha, suke zuba kuɗi, a tallafa wa ƙananan manoman da ke kan tuddai su yi kunyoyin tare zaizaya, su dasa ciyawa da itatuwa a bakin rafi, su haƙa ramukan tara ruwan sama. Hikimar mai sauƙi ce: hana laka shiga ruwa ya fi arha a kan tace ta bayan ta shiga. Me zai hana matatar ruwa ta Tamburawa da masu ruwan leda da mu masu kiwo mu yi irin wannan lissafin?

ME ZA A YI DA ASUSUN?

Ayyukan da nake nufi ba sa buƙatar injiniya daga Turai.

1. Ramin kwantar da laka a ƙarshen lambatun da gonakin kifi ke haɗuwa. Ruwa ya tsaya ya huta, dauɗa ta kwanta, a kwashe ta a kai gona. Daga nan ruwan ya ratsa ta cikin shukar jema ko wata ciyawa mai yawan saiwa kafin ya kai rafi. Inda akwai 'yan lambu kusa, a ja musu shi kai tsaye. Takin da muka lissafa a sama su ne masu buƙatarsa.

2. Rumfa mai daɓen siminti da rufi ta tara kashin kaji da damina. A bar shi ya ruɓe da kyau a busasshen wuri, da rani a sayar. Wannan aikin ma da kansa zai riƙa mayar da kuɗinsa.

3. Rami mai murfi na zuba mushen kaji da na kifi, nesa da rijiya da rafi. Wannan kariya ce ga garkenmu kafin ma a zo maganar ruwa, musamman lokacin murar tsuntsaye.

4. Barin 'yar tazara a bakin rafi ba tare da noma ba, a dasa mata ciyawa da itatuwa. Mai gonar da ya bar wurin a ba shi wani abu, don shi ma haƙƙinsa ne.

5. Kayan gwajin ruwa na ƙungiya: na amoniya, na oksijin, da na tsami ko kaifin ruwa. A auna duk wata a wurare uku, sama da gonakinmu, daidai gonakinmu, da ƙasa da su. A rubuta a littafi, a kafe a inda kowa zai gani. Sau biyu a shekara kuma a kai samfur ɗakin gwajin jami'a mafi kusa don a duba ƙarafa masu guba.

NAWA ZA MU BIYA?

Shawarata N200 a kan kowane buhu. Buhun abincin kifi mai kilo 15 ya daɗe da haura N20,000, kun ga abin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Mai kifi 1,000 da zai ci buhu 70, N14,000 zai biya a zubi guda, ko kuɗin buhu ɗaya bai kai ba. Amma a ce masu kiwo 50 ne a yanki, kowa na shan buhu 40 a wata. Buhu 2,000 ke nan, N400,000 duk wata, N4,800,000 a shekara. Wannan ya isa a fara da ramin laka da kayan gwaji a shekarar farko. Masu kaji kuma su zauna su yanka nasu gwargwadon ribar buhunsu, ko da N50 ce.

Na san halin da ake ciki. Abinci ya yi tsada, man janareto ya yi tsada, wasu ma sun rufe gona. Ba na raina N200. Amma Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙungiyar da ta shiga ofishin shiri da takardar rajista, da bayanan banki na wata 12, da littafin gwajin ruwa, da hoton aikin da ta fara da kuɗinta, ta ce ga namu a ɗora mana, ba a yi mata kallon da ake yi wa wanda ya zo da wasiƙar neman taimako kawai. Kuma abin da mutum ya sa kuɗinsa a ciki ba ya bari ya lalace. Duk mun san famfunan da aka gina kyauta suka mutu saboda ƙaramin ƙarfe.

"KUƊIN ƘUNGIYA AI CINYEWA AKE"

Gaskiya ne, an sha yi, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Maganinsa tsari ne tun ranar farko. Kuɗi ta banki kawai, ba a hannun kowa ba. Mutum uku ke sa hannu, kuma kada su fito daga gida ɗaya ko sana'a ɗaya: mai kifi, mai kaji, da ɗaya daga cikin iyayenmu mata masu banda ko 'yan lambu. Duk ƙarshen wata a tura bayanin banki a zauren WhatsApp na ƙungiya. Ba a biyan ɗan aiki sai an ga aiki. Mai unguwa da sarkin ruwa su zama shaidu, ba masu riƙe kuɗi ba. Shugabanci shekara biyu, a sake zaɓe. Kuma asusun na ruwa ne kaɗai, ba a ranta shi don biki ko sayen abinci, komai kusancin mai nema.

"TO MANYAN MASU LAIFIN FA?"

Ba mu yafe musu ba. Ramin lakarmu ba zai cire kuromiyam daga Challawa ba. Wannan aikin masu masana'antu ne su tace ruwansu kafin su sake shi, kuma aikin hukumar NESREA da aka kafa a 2007 da ma'aikatun muhalli na jihohi ne su tilasta musu. Wanda ya ɓata shi ya kamata ya biya, kuma mai babban ɓarna ya biya babba. Sai dai mai ƙorafi da baki kawai, da baki ake sallamarsa. Ƙungiyar da ta gyara nata lambatun, ta zo da sakamakon gwaji na shekara guda da ke nuna daga ina dauɗar ke shigowa, ita ce za ta iya tsayawa gaban kwamishina ko ɗan majalisa ko gidan rediyo ba tare da an ce mata ku ma ai haka kuke yi ba.

ABIN DA NAKE ROƘO

A taronku na ƙungiya mai zuwa, ku sa wannan maganar a ajanda. Kafin nan mutum biyu ko uku su taka da ƙafa su bi lambatun gonakinku har inda ya ƙare, su ƙirga gonaki nawa ke zuba ruwa a cikinsa, su ga su wa ke amfani da shi a ƙasa. Ku yanka abin da za ku iya, ko bai kai N200 ba. Sannan ku je ofishin ACReSAL na jiharku da sashen noma na ƙaramar hukumarku ku tambaya a rubuce: wane tanadi aka yi wa magangarar da muke ciki, kuma ta wace hanya ƙungiya ke shiga? Ku karɓi kwafin wasiƙar da hatimi a kai, ku ajiye.

Iyayenmu da suka riga mu shiga sana'ar nan, kun fi mu sanin yadda rafukan nan suke shekara 30 da suka wuce, da irin kifin da ake kamawa a cikinsu. In kun ga gyara a lissafina ko a tsarin da na kawo, ku gyara mini, mu ƙaru gaba ɗaya. Wanda kuma yankinsu suka riga suka fara wani abu makamancin wannan, ya ba mu labarin yadda suka yi.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya tsare mana dukiyarmu daga annoba, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtanmu na kusa da na nesa. Amin.